Musa Biyu a Kan Hanyar Mosko

Duk wanda ya ratsa Birnin Ƙonni bayan sallar la'asar, sa'ad da rana ta sassauta, zai iske filaye cike da yara da samari suna wasan ƙwallon ƙafa, watau tamola. Waɗansu a filin lakwal, waɗansu a kangon da ba a gina ba tukuna, waɗansu kuwa can bayan gari inda rairayi ya fi laushi. Duwatsu biyu sun isa raga, mai takalmi da marar takalmi duk ɗaya ne, ba a tashi sai ladan ya kira magariba. Haka al'amarin ya ke a Malbaza garin siminti, da Galmi garin albasa, da Illela, da ƙauyukan kwarin Maggiya.

Da dare kuma samarin nan su ne ke cika gidajen kallo, suna ganin ƴan Afirka irinsu suna wasa a manyan filayen Turai. Ba abin mamaki ba ne in yaro ya kwana da wannan buri ya tashi da shi. Abin da ke da nauyi shi ne ranar da burin ya shigo cikin gida, watau ranar da wani baƙo zai yi sallama, ya ce ya ga yaro ya iya, zai kai shi waje, amma sai an kawo kuɗin jirgi da na biza. A ranar nan uba zai dubi garkarsa ta fadama, ko buhunan albasar da ya ajiye, ko sa guda da ya ke huɗa da shi, ya rasa ta cewa. In ya hana, a ce ya toshe wa ɗansa arziki. In ya bayar, wataƙila ya yi biyu babu.

Domin a taimaki irin wannan uba, da malamin lakwal, da ma'aikacin da za a kawo wa takardu ya sa hannu, ya kamata a duba yadda waɗanda sunka yi nasara sunka fara. Ga labarin samari biyu masu suna guda: Ahmed Musa na Nijeriya, wanda ya yi fice a Kano, da Musa Ma'azu na Nijar, wanda jaridun Faransanci ke rubutawa Moussa Maâzou. Kowannensu ya fara a gida, ya bi ta wata ƙaramar ƙungiya ta arewacin Turai, kana ya sauka ƙungiya guda ta birnin Mosko, ɗaya yana da shekara 20, ɗaya 19. Hanyarsu ɗaya ce, rabonsu ne ya bambanta.

DAGA JOS ZUWA KANO

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoba 1992. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ce ta ɗauki nauyin renonsa. Ya shiga wata makarantar koyon ƙwallo ta garin mai suna GBS, wadda ta yi masa rajista da sunanta. Da ta ga ya ƙosa, sai ta ba da shi aro ga JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na jami'ar Jos, inda ya fara karawa da manya a babbar gasar Nijeriya. Daga nan anka sake ba da shi aro ga Kano Pillars domin kakar wasa ta 2009 zuwa 2010.

Ba ƙaramin gida ya shiga ba. An kafa Pillars a 1990, magoya bayanta na yi mata kirari da Sai Masu Gida, filinta kuwa shi ne na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ta ci gasar Nijeriya a 2008. A 2009 ta fid da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Cikin irin waɗannan gogaggun mazaje ne yaro ɗan shekara 17, siriri, mai gudu kamar barewa, ya nemi wurin tsayawa. Kafin kakar ta ƙare ya ci ƙwallo 18, ya shafe tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Pillars ta zo ta biyu, bayan Enyimba ta garin Aba. A watan Satumba 2010 anka sa shi cikin babbar ƙungiyar ƙasar Nijeriya a wasanta da Madagaska, alhali bai cika 18 ba.

A nan akwai abin lura na farko. Ahmed ya ci ƙwallayen nan a gasar da ke da alƙalin wasa, da takardar sakamako, da hukumar da ke ajiye lissafi. Shi ya sa wanda ke zaune a Turai ya iya sanin labarinsa ba tare da ya taka Kano ba. Ƙwallo ɗari da yaro ya ci a kango, komai kyawunsu, sun tafi da ƙurar yammacin.

JIRAN RANAR HAIHUWA

Ƙungiyar da ta neme shi ita ce VVV ta Venlo, wani ƙaramin gari na ƙasar Holan a bakin iyakar Jamus. An daidaita magana tun da damina ta 2010, amma yaron bai sami izinin wasa ba. Dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a ƙetare da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika shekara 18. Ba Turawan Venlo, ba hukumar Nijeriya, ba wanda ya iya matso da ranar ko da kwana guda. Sai da 14 ga Oktoba ta zo anka ba shi takardar shaida, ya yi wasansa na farko a ƙarshen watan tare da ƙungiyar Groningen.

VVV ba ta cikin manya. A shekarar nan ma fama ta ke yi kada ta faɗa rukuni na biyu. Amma wannan ne ya zama alheri ga baƙon yaro, domin ƙungiyar da ke neman tsira ba ta ajiye mai gudu a kan benci. Ya yi wasa mako bayan mako, ya koyi sanyi, ya koyi kiyaye lokaci, ya koyi cewa ɗan gaba ma yakan dawo ya taya tsaron gida. A watan Mayu 2011 ya ci ƙwallo 2 a wasan da VVV ta doke Feyenoord da ci 3 da 2. A watan Janairu 2012 ƙungiyar CSKA ta Mosko ta saye shi. Mahaƙurci mawadaci.

ƊAN YAMAI

Shekara uku kafin haka wani Musa ya riga ya shiga wannan ƙofa. An haifi Musa Ma'azu a Yamai ranar 25 ga Agusta 1988. Ya yi suna a AS FAN, ƙungiyar sojojin Nijar, inda tsawonsa da ƙarfinsa da saurinsa sunka sa masu tsaron baya kwana da shiri. A watan Janairu 2008, yana da shekara 19, ya tafi Lokeren ta ƙasar Beljik. Shi ma ƙaramar ƙungiya ya samu, shi ma ya sami wurin wasa, kuma cikin kakar da ta biyo ya yi ta zura ƙwallo har manyan ƙungiyoyi sunka fara tambayar farashinsa. A farkon 2009 CSKA ta ɗauke shi a kan kuɗin da jaridu sunka ce ya kusa Yuro miliyan 5, watau sama da sefa miliyar 3. Ba a taɓa sayen ɗan wasan Nijar da irin wannan kuɗi ba kafin ranar.

Kalmar saye ita ce ta bakin jama'a, amma tana bukatar bayani. Kuɗin nan ba aljihun ɗan wasa su ke shiga ba. Diyya ce da sabuwar ƙungiya ke biyan tsohuwa domin ta yarda ta sake shi tun wa'adin yarjejeniyarsu bai cika ba. Abin da ke nasa shi ne albashi da ladan sa hannu, gwargwadon abin da anka rubuta a takarda. Iyaye da yawa kan ji an ambaci miliyoyi a rediyo su ɗauka duk gidan yaron za a kawo su.

ABIN DA YA FARU A MOSKO

Ma'azu ya iso Mosko a shekarar da gidan ba shi da kwanciyar hankali. Cikin 2009 kaɗai CSKA ta yi masu horarwa uku: Zico ɗan Barazil, wanda anka sallama a watan Satumba, sai Juande Ramos ɗan Sifen, wanda bai cika wata biyu ba, sa'an nan Leonid Slutsky. Yaro ɗan shekara 20, marar harshen ƙasar, kowane sabon maigida da irin tsarinsa, ya kasa samun wurin zama. A watan Janairu 2010 anka ba da shi aro ga Monaco. Can tauraronsa ya sake haskawa, har shi ne ya ci ƙwallon da ta fid da Lens ta kai Monaco wasan ƙarshe na kofin Faransa. Daga nan sai Bordeaux, inda abin bai yi daɗi ba, sai komawa Monaco a farkon 2011, inda ya sami rauni a gwiwa. Bayan haka ya yi ta ƙaura: Beljik, Faransa, Tunisiya, Fotugal, Sin, Danmak, kana Faransa kuma.

Ahmed kuwa ya iske Slutsky ɗin nan ya riga ya zauna da gindinsa, kuma a ƙarƙashinsa ya yi dukan shekarunsa huɗu da rabi. Tare sunka ci gasar Rasha a 2013, da 2014, da 2016, da kofin ƙasar a 2013. A wajen ƙasarsa ya ci kofin Afirka na 2013. A gasar duniya ta 2014 ya zura wa Ajantina ƙwallo 2, a ta 2018 ya zura wa Aislan 2.

Kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci cewa ɗaya ya fi ɗaya hazaƙa ko natsuwa. Abin da ya sami Ma'azu a Mosko ya sami Ahmed a Ingila. A 2016 Leicester, wadda ta ci gasar Ingila a shekarar, ta saye shi a kan fam miliyan 16 da ɗoriya. Watanni kaɗan bayan haka anka sallami mai horarwa Claudio Ranieri, Ahmed ya koma zaman benci, har a watan Janairu 2018 anka mayar da shi CSKA aro. Daga baya ya yi wasa a Saudiyya, a 2021 kuma ya dawo Kano Pillars inda ya fara suna. Sana'ar ƙwallo ke nan. Canjin maigida guda, ko jijiyar gwiwa guda, sun isa su juya rayuwar mutum, ko da kuwa yana cikin ƴan ƙalilan da sunka kai ƙoli.

RANAR DA KARATU YA KAI MENA GABON

In Turai ta yi wa Ma'azu rowa, gida ya ci moriyarsa. Ranar 10 ga Oktoba 2010, kwana huɗu kafin Ahmed ya cika 18, Mena ta karɓi Masar a filin Janar Seyni Kunce na Yamai. Masar ce ke riƙe da kofin Afirka, ta ci shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Aka tashi 1 da nema, Ma'azu ne ya ci. A watan Satumba 2011 ya sake ci a wasan da Mena ta doke Afirka ta Kudu da 2 da 1.

Ranar ƙarshe ta neman shiga gasar, a watan Oktoba 2011, Masar ta rama a Alƙahira da ci 3 ba ko ɗaya. A daidai lokacin Afirka ta Kudu na wasa da Saliyo a gidanta. Da mutanenta sunka ji labarin Alƙahira, sai sunka lallaɓa wasan ya ƙare canjaras, sunka shiga rawa a fili, suna tsammanin yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Ashe ba su karanta dokar gasar da kyau ba. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowacce na da maki 9, doka kuwa ta ce a irin wannan hali sai a dubi wasannin da su ukun sunka yi a tsakaninsu. A wannan lissafi Nijar na da 6, sauran biyun 5 kowacce. Haka Mena, a ƙarƙashin Haruna Dula, ta je gasar kofin Afirka karo na farko, wadda anka yi a Gabon da Gini Ikwatoriya a 2012. Ta sake zuwa a 2013 bayan ta fid da Gini.

Wanda ya sha wahalar zaman ajin yaƙi da jahilci bayan aikin gona ya riƙe wannan labari. Ƙasa mai dukiya, wadda ta karɓi gasar duniya a 2010, ta yi asarar wurinta domin ba a tsaya an karanta layi biyu ba. In haka ta sami hukuma guda, ina ga uban da za a miƙa wa takarda cikin harshen da bai sani ba, a ce ya dangwala yatsa?

ABIN DA DOKA TA CE

Tun 2001 FIFA ta kafa dokar shekara 18, tana nan a mataki na 19 na ƙa'idojin canjin ƙungiya. Ta bar ƴan ƙofofi kaɗan. Ɗaya ita ce in iyayen yaro sun ƙaura zuwa wata ƙasa saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Wata ta shafi ƴan shekara 16 zuwa 18 a tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai. Akwai kuma wadda ta shafi mutanen bakin iyaka, irin na Ƙonni: yaron da gidansu bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba yana iya yin rajista da ƙungiyar ƙetare wadda ita ma ba ta wuce kilomita 50 daga iyakar ba, muddin zai ci gaba da kwana gidan iyayensa, kuma hukumomin ƙwallo na ƙasashen biyu sun yarda. Bisa wannan ma'auni Illela ta Nijeriya tana ciki, amma birnin Sakkwato ya fita, balle Kano.

Dokar ba ta tsoron babba. An hukunta Barcelona a kanta a 2014, da Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, da Chelsea a 2019, duk an hana su sayen ƴan wasa na wani lokaci. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai yaro ɗan shekara 15 wata ƙungiya ta Turai ya sa hannu, ko dai bai san doka ba, ko kuwa ya san ta sarai yana neman kuɗin uban ne.

Har wa yau doka ta ce yarjejeniyar ɗan wasa ba ta wuce shekara 5, ta wanda bai kai 18 ba kuwa ba ta wuce 3. Tun watan Oktoba 2010 duk canjin ƙungiya daga ƙasa zuwa ƙasa sai ya bi ta rajistar FIFA ta kwamfuta, inda hukumar ƙasar da yaro ya fito za ta ba da shaidar sakinsa. A Nijar wannan hukuma ita ce FENIFOOT. Tun 2023 kuma dillalin ƴan wasa sai ya ci jarrabawa ya sami lasisin FIFA. Ke nan uba na da tambayoyi uku da zai yi wa baƙonsa cikin ladabi: ina lasisinsa, ina wasiƙar gayyata daga ƙungiyar, kuma FENIFOOT ta san da maganar? Ƙungiyar gaskiya in tana son yaro ita ke ɗaukar nauyin tafiyarsa. Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya.

Abin da kan sami waɗanda ba su tambaya ba sananne ne. A 2015 labari ya fito cewa an kwashi yara fiye da 20 daga Afirka ta Yamma, akasarinsu ƴan Laberiya, an kai su ƙasar Lawos a kudu maso gabashin Asiya da sunan makarantar ƙwallo. Can sunka iske kansu suna kwana a ƙasa cikin ginin filin wasa, ba makaranta, ba albashin kirki, sai da ƙungiyar ƴan wasa ta duniya ta sa baki anka dawo da mafi yawansu. A biranen Turai da na Magrib ma akwai samarin da dillali ya ajiye a masauki ya ɓace, biza ta ƙare, kunya ta hana su komowa gida hannu wofi.

TAKARDAR HAIHUWA

Labarin Ahmed ya nuna cewa rana guda tana da daraja a wannan sana'a. Amma yara da yawa a ƙauyukan Adar da Ƙonni ba a rubuta haihuwarsu da wuri ba, sai in lakwal ko jarrabawa ta matsa a je gaban alƙali a nemi takardar da ke maye gurbinta. A nan ne jaraba ke shigowa, wani ya ce a rage wa yaro shekara biyu ko uku domin ya shiga cikin ƙanana. Nijar ta ɗanɗana ɗacin wannan a 2009, sa'ad da anka fid da ƙungiyarta ta ƴan ƙasa da shekara 17 daga gasar Afirka a Aljeriya kan maganar shekaru, Malawi ta maye gurbinta. Tun wannan shekarar FIFA ke amfani da na'urar asibiti mai hoton ƙashin wuyan hannu, wadda ke nuna ko ƙashin ya gama girma. Da anka bi hanya, sai ga ƙananan Mena a gasar duniya ta 2017 a Indiya, sun doke Koriya ta Arewa, sun tsallake zagayen farko.

Wannan nauyi yana wuyan uba da ungozoma da mai gari da ma'aikacin magajin gari. Rubuta jariri cikin kwanakin suna aiki ne na sa'a guda, amfaninsa kuwa har tsufa, ko yaron ya zama ɗan ƙwallo, ko malami, ko ɗan kasuwa.

RABON ƘUNGIYAR GIDA

Akwai wata doka da ya kamata shugabannin ƙananan ƙungiyoyi su haddace. Duk sa'ad da anka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin domin ƙungiyoyin da sunka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗu na farko kowacce na da rubu'in kashi ɗaya, sauran takwas kowacce na da rabin kashi. Ga misali: in an sayi ɗan wasa a kan sefa miliyar 1, rabon masu reno miliyan 50 ne, ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 kuwa za ta sami miliyan 10. Ban da wannan akwai diyyar horo da a ke biya sa'ad da yaro ya sa hannu a yarjejeniyarsa ta farko ta sana'a a ƙetare. A 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Paris domin kuɗin nan su riƙa isa ga masu su kai tsaye.

Amma sharaɗin guda ne: sai ƙungiyar tana da rajista a wurin hukuma, yaron kuma yana da lasisi da sunanta a shekarun da ya yi mata wasa. Malamin da ya share shekara biyar yana saya wa yara ƙwallo daga albashinsa, in bai rubuta su ba, ranar rabo ba za a kira sunansa ba. Miliyan 10 kuwa a gari kamar Malbaza ko Illela sun isa riguna da ƙwallaye da kuɗin mota na shekaru.

TSANIN DA KE GIDA

Mutanen jahar Tawa ba baƙin wannan tsari ba ne. A Tawa anka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a 1975, kuma kowa ya san yadda ɗan kokowa ke hawa: daga dandalin ƙauye bayan kaka, zuwa gunduma, zuwa jaha, kana ya je neman takobi. Ba a taɓa jin wanda ya sayar da gona ya ba dillali domin a ba ɗansa takobi ba. A zamanin Samariya ma ta haka a ke zaɓen waɗanda za su wakilci gari a bikin matasa na ƙasa.

Ƙwallo ma tana da tsaninta. Akwai gasar lakwal da ta unguwanni, akwai ta jaha, akwai ƙungiyoyi irin su Ɗan Gurmu ta Tawa, da Jangorzo da Ɗan Kasawa na Maraɗi, da Espoir ta Damagaram, kafin a kai manyan na Yamai. Nisan gari ba ya hana. Amadu Mutari daga Akokana ta Arlit ya fito, ya je ya yi wasa a Rasha da Hungari. Shehu Abdullahi haifaffen Sakkwato ne, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 daga Ƙonni ba, ta Kano Pillars ya bi, ya sami lambar tagulla a wasannin Olimfik na 2016, ya je gasar duniya ta 2018. Babu ko ɗaya cikin mutanen nan huɗu da ya tsallake matakin gida.

Abin da ya rage shi ne kowa ya riƙe nasa. Hukumomin gari su killace filayen wasa tun ba a yanka su fuloti ba. Ma'aikatan samari da wasanni su taimaki ƙungiyoyin unguwa su yi rajista. Malamai su tsaya a kan cewa ƙwallo bayan darasi ta ke, domin cikin dubun yaran da ke fili da la'asar wanda zai ci abinci da ƙafarsa bai taka kara ya karya ba, shi ɗin ma sana'arsa kan ƙare tun yana da sauran ƙarfi, ya dawo yana bukatar abin da ya koya a aji. Uba kuwa, in baƙo ya yi sallama, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi ruwa, ya karɓi takardar ya kai wa wanda ya iya karatu, ko ya karanta da kansa in Allah ya sa ya koya. In maganar ta gaskiya ce, za ta jira yaro ya cika 18, kamar yadda ta jira Ahmed Musa.

Allah shi yi wa samari albarka, shi ba iyaye basirar rarrabe mai neman yaro da mai neman garka.